Tsohon caji ofis da akwatunan rajista: ko rundunar 'yan sandan birni ta cancanci gidan tarihi?

Tambaya: Ni tsohon sufeton 'yan sanda ne, na yi ritaya. Rundunar birninmu ta tashi daga wani tsohon caji ofis, mu kuma tsofaffin ma'aikata mun nemi a bar mana ginin mu mayar da shi gidan tarihin rundunar. Muna da tsofaffin kaki, kulake, ankwa, hotunan fareti, da wasu akwatunan rajista da aka daɗe ba a buɗe ba. Ɗana ya ce wannan yabon kai ne kawai, kuma ba mai zuwa sai mu da muka yi aikin. Abin ya cancanci wahala? In ya cancanta, ta ina za mu fara?

Amsa: Yallaɓai, barka da hutawa. Aikina adana takardu da kayan tarihi ne, saboda haka da idon mai sito zan amsa maka. Abin ya cancanci wahala. Amma maganar ɗanka ma ba ta yarwa ba ce, domin akwai gidajen tarihin 'yan sanda da in ka shiga ba abin da za ka gani sai hotunan shugabanni a jere a bango, kowa da lambobin yabo a ƙirji, sai kofunan gasa a cikin gilashi. Mutum ya zaga cikin minti goma ya fita, ya tafi ke nan. Abin da zai raba naku da irin waɗannan yana cikin jerin da ka aiko, sai dai kai a ƙarshe ka sa shi: akwatunan nan da ba a buɗe ba.

Yadda kuka ɗauko abin, haka aka saba ɗaukowa a wurare da yawa. Tsofaffin ma'aikata ne ke tashi idan sun ga ana shirin loda tarihi a motar shara. Birnin Glasgow na Sikotland ya samu rundunarsa ta dokar majalisa a 1800, shekara 29 kafin Robert Peel ya kafa ta Landan a 1829. A 1975 aka narkar da ita cikin wata babbar runduna ta yanki, sunanta ya ɓace daga kan hula da jikin mota. Yau inda za ka ga tarihinta wani ɗan ƙaramin gida ne da ƙungiyar 'yan sanda masu ritaya ta buɗe a 2002, su ne kuma ke zagayawa da baƙi ba tare da albashi ba. A Manchester, caji ofis ɗin titin Newton da aka gina a 1879 ya zama gidan tarihi a 1981. Na Vancouver a Kanada an buɗe shi a 1986, shekarar da rundunar ta cika shekara 100, yana kuma cikin wani ginin 1932 da ya kasance kotun binciken musabbabin mutuwa da mutuwaren birnin. Na Los Angeles yana cikin tsohon ofishin unguwar Highland Park na shekarun 1920. Na Faris, babban birnin Faransa, ya girme su duka, shugaban 'yan sandan birnin Louis Lépine ne ya kafa shi a 1909.

To, mu koma kan akwatunan. Attajiri da ɗan siyasa da babban malami suna barin takardu a bayansu: wasiƙu, takardun gida, hotuna, wani har a rubuta masa littafi. Ɗan dako da mai wanki da baƙon da ya sauka a tasha da daddare bai san kowa ba, su ba su barin komai. Sau da yawa wuri ɗaya tak da aka taɓa rubuta sunan irin wannan mutum shi ne rajistar kanta ta caji ofis. Ka fi ni sanin shafin, amma ka dube shi yau da idon wanda zai buɗe shi bayan shekara 80. Ga kwanan wata, ga ƙarfe nawa aka shigo da mutum. Ga shekarunsa da sana'arsa da inda yake kwana. Ga abin da ake tuhumarsa da shi, ga lambar kurtun da ya kamo shi. Sai layin da ni na fi tsayawa a kai, na kayan da aka karɓa daga aljihunsa kafin a sa shi bayan kanta: ɗan canji, makulli ɗaya, wuƙar aljihu, rasidin jinginar kaya. A ƙarshe sa hannu, ko dangwale in bai iya rubutu ba. Shafi ɗaya ba ya cewa komai. Amma in ka jera rajistar shekara 30, za ta gaya maka daga ina mutane ke kwararowa birnin, wace sana'a ta mutu wace ta taso, wace unguwa aka fi yi wa dirar mikiya, wane hali ne jiya ake kama mutum a kansa yau ba a yi, da shekarar da masu sa hannu suka fara rinjayar masu dangwale.

Dayarin ofis, wanda ake shigar da duk abin da ya faru a bakin duti, ya ma fi daɗin karatu, don yawancin abin da ke ciki ba laifi ba ne. Yaro ya ɓata an tsince shi, gobara ta tashi, fitilar titi ta mutu, an tsamo gawa ba a san mai ita ba. Sai rajistar ma'aikata, mai ɗauke da garin haihuwar kowane kurtu, da tsayinsa, da aikin da yake yi kafin ya sa kaki, da ƙarin girma da horon da aka yi masa. Ita jikoki za su riƙa zuwa nema, ita ce kuma ba ta san kara ba. A rundunar Landan, mutumin da aka ba lamba 1 a 1829 tun ranar farko aka kore shi saboda maye, kuma rajista ba ta rufa masa asiri ba.

Hotuna ma haka suke. Gidan tarihin shari'a da 'yan sanda na Sydney a Ostareliya yana riƙe da nagatif na gilashi da na fim kimanin 130,000 da masu hoton 'yan sanda suka ɗauka daga wajen 1910 zuwa 1964. Mai hoton tagar da ɓarawo ya fasa ya je ɗauka, amma kyamara ba ta zaɓe. Ta haɗo da gado, da tukunyar da ke kan murhu, da kalandar bango. A wancan zamani wa zai biya mai hoto ya ɗauki ɗakin hayar talaka? Sai ga masu nazarin rayuwar birnin sun samu irin waɗannan ɗakuna jingim ta hannun 'yan sanda.

Saboda haka kafin tsintsiya da fenti, ku fara da takarda. Rajistocin nan dukiyar hukuma ce, ko da a gidan ɗayanku suka shekara 20. Ku samu izini a rubuce daga rundunar, ku tuntuɓi hukumar adana takardun gwamnati ta yankinku, a fayyace wa ke da mallaka, wa ke riƙo, kuma ina kayan za su koma in wata rana gidan ya rufe. Duk wanda ya kawo kakin mahaifinsa shi ma ya sa hannu, ko kyauta ya bayar ko aro. In ba haka ba, wata rana magada za su zo su ce a ba su kayansu, ba wanda ke da hujja.

Sa'an nan, don Allah, kada wani mai son tsari ya zazzage akwatunan ya ce zai jera su bisa jigo, na kisa nan, na sata can. Yadda ofis ya jera fayil-fayil ɗinsa shi ma shaida ne, kuma lambar da ke cikin wannan rajista tana nuni ne ga waccan. In aka wargaza, zaren ya tsinke. A ba kowane akwati lamba, a rubuta abin da ke ciki da shekarunsa, da fensir. A cire allurai da kilif masu tsatsa. Kada a liƙa salatif a shafin da ya yage, kada kuma a liƙe takarda cikin roba da injin zafi, domin sannu a hankali yake kashe ta kuma ba a warware shi. Danshi da gara sun fi ɓarawo ɓarna a sito, a ɗaga akwatuna daga ƙasa, a nisanta su da bango da bututun ruwa. Abu biyu kuwa ba sa jira. Takardar faks da rasidai masu santsi rubutunsu da kansa yake gogewa, a ɗauki hotonsu yanzu. Fim ɗin hoto kuma, in na kafin farkon shekarun 1950 ne, mai yiwuwa na naitiret ne, wanda in ya kama wuta kashe shi sai an sha wuya. A ware shi daga sauran kaya a nemo ƙwararre. Irin da ya biyo bayansa in ya fara lalacewa warin tsami yake yi irin na ruwan khal. Kuna buɗe akwati kuka ji wannan wari, ku san lokaci ya ƙure.

Ginin kansa shi ne babban abin nuninku, kuma a nan masu kyakkyawar niyya suka fi ta'adi. Za a zo da fenti a shafe bangon sel, alhali abin da waɗanda aka tsare suka kankara da ƙusa ko bakin cokali, sunaye da lissafin kwanaki da addu'o'i, shi kaɗai ne muryarsu a duk ginin. A bar shi. A bar kantar da gwiwar hannu ta goge har tana sheƙi, a bar ƙofar ƙarfe da 'yar tagarta. A Manchester an bar gadajen katako na sel da matasan kai na katako yadda suke. Yaron da ya ɗora kansa a kai na minti ɗaya ya fi wanda ya karanta allo goma fahimta. Sai dai a duba inda ginin yake zaune. Gidan tarihin 'yan sandan Niyok yana cikin wani kyakkyawan tsohon ofishi a Old Slip, dab da bakin kogi, har guguwar Sandy ta turo ruwa cikinsa a Oktoban 2012, ya koma zaman aro a wasu wurare. Sito a sama ake yin sa, ban da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Kulki da ankwa da kaki suna da amfani, amma kulki goma a jere kulki ɗaya ne. Abin da ke riƙe baƙo shi ne a nuna masa matsalar da kayan suka zo warwarewa. Ɗauki tambaya guda: ɗan sanda shi kaɗai a titi da tsakar dare, yaya zai kira taimako? Na Landan na farko wani katako mai haƙora suke juyawa ya yi ƙara, sai a shekarun 1880 usur ya maye gurbinsa don sautinsa ya fi nisa. Chicago ta fara kafa akwatunan waya a bakin titi a 1880. Detroit ta fara aika saƙon rediyo zuwa motocin sintiri a 1928, sai dai na cikin mota ji kawai yake yi, ba ya iya amsawa. In ka jera usur da makullin akwatin waya da oba-oba a teburi ɗaya, ka ba da labarin yadda ɗan sanda ya bar sintirin ƙafa, inda kowa ya san fuskarsa, ya koma cikin mota, da abin da aka samu da abin da aka rasa. Haka batun gane mai laifin da ya canja suna: awon kai da hannu da ƙafa na Alphonse Bertillon a Faris a shekarun 1880, da hoton gaba da na gefe da har yau ake ɗauka, sai zanen yatsa da aka buɗe wa ofishi a Kalkata ta Indiya a 1897, Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ta bi sahu a 1901. Kakin ulu dai asu ne maƙiyinsa, haske kuma yana shanye launinsa, kada a rataye shi gaban taga. Bindiga sai an kashe ta bisa dokar ƙasarku. Tsohon harsashi da gwangwanin barkonon tsohuwa kuwa ba su da mazauni a ginin da 'yan makaranta za su shiga.

Yanzu ga inda ake zamewa. Da zarar kun buɗe za ku lura mutane sun fi tururuwa wajen kayan manyan shari'o'i, wuƙar da aka yi kisa da ita, motar da harsasai suka huda. Ba haramun ba ne, gidan Los Angeles ma yana nuna kayan musayar wutar fashin banki na North Hollywood na 1997. Amma kowane irin wannan abu yana da iyalin da ranar ta zame musu mafi muni a duniya. A 2010 rundunar Los Angeles ta kai wani baje koli Las Vegas, cikin kayan har da tufafin da Sanata Robert Kennedy ke sanye da su lokacin da aka harbe shi a 1968. Iyalinsa suka nuna ɓacin rai, shugaban rundunar Charlie Beck ya janye kayan ya ba da haƙuri. Shekara 42 ta wuce a lokacin, amma 'ya'yansa suna nan da ransu. A Vancouver, ƙasusuwan wasu yara biyu da aka tsinta a lambun shaƙatawa na Stanley a 1953 sun daɗe cikin kayan nuni kafin a janye su, sai a 2022 gwajin ƙwayoyin halitta ya gano ko su wane ne, ta hanyar danginsu da ke raye. Scotland Yard tana da ɗakin kayan laifuka tun shekarun 1870, don koyar da jami'ai aka yi shi, ba a buɗe wa jama'a. Da aka fito da wani ɓangarensa a gidan tarihin Landan a 2015, shari'o'in kisan da aka baje ɗaya bayan ɗaya ba su wuce na 1975 ba, saboda iyalan waɗanda abin ya shafa. Ni dai matsayata ita ce sassan jikin mutum ba kayan kallo ba ne, hoton gawa na ɗakin nazari ne ga mai dalili, kuma kafin a nuna kayan wata shari'a a nemi dangi in suna nan. Rajista ma sai da taka-tsantsan, don ba duk wanda aka rubuta a shafin kamu ne kotu ta samu da laifi ba. A Ingila masu adana takardu kan ɗauka mutum zai iya kai shekara 100, su rufe bayanan sirrinsa har wannan wa'adi ya cika. Ku sa naku wa'adin a rubuce tun kafin wani ya zo neman tona asirin maƙwabcinsa.

Sai maganar ɗanka. An ce yabon kai jahilci, kuma a gidan tarihi ya fi ko'ina saurin tonuwa. Da wuya a samu rundunar da ta shekara 100 tana aiki ba ta da ranar da take jin kunyar tunawa: zanga-zangar da aka buɗe wa wuta, wanda ya mutu a sel, sashen da aka rusa saboda cin hanci, zamanin da ake aiwatar da dokar da yau kowa ya yarda zalunci ce. Mutanen gari sun san waɗannan ranaku, iyaye da kakanni sun ba su labari. In suka shigo suka tarar allon shekaru ya yi tsalle ya wuce su, ba za su ƙara gaskata sauran abin da ke bangon ba, har da na gaskiya, har da sunayen abokan aikinku da suka mutu a bakin aiki, waɗanda sun cancanci a tsaya gabansu da girmamawa.

Faris ta isa misali. 'Yan sandan birnin ne suka bi gida-gida suka kame Yahudawa sama da 13,000 a ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, sama da 4,000 daga ciki yara, kuma sai a 1995 shugaba Jacques Chirac ya amsa cewa ƙasar Faransa na da alhaki. Ranar 17 ga Oktoban 1961, ƙarƙashin jagorancin Maurice Papon, shugaban 'yan sandan Faris na lokacin, an kashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga da dama, aka jefa wasu cikin kogin Seine, hukuma kuma ta yi shekaru tana cewa mutum biyu ko uku ne suka mutu. A 1999 aka saurari ƙarar da Papon ya kai masanin tarihi Jean-Luc Einaudi bisa zargin ɓata suna kan abin da ya rubuta game da wannan kisa. Ma'aikatan adana takardu biyu na birnin, Brigitte Lainé da Philippe Grand, suka ba da shaida kan abin da suka gani a rajistocin ofishin mai gabatar da ƙara. Papon bai yi nasara ba. Su kuma aka raba su da ayyukan da suke riƙe da su, aka jingine su gefe tsawon shekaru. Layukan da wani akawu ya cike, wataƙila yana hamma, bai san me yake ajiyewa ba, su suka tsaya a gaban alƙali bayan shekara 38. Shi ya sa nake roƙo kada kowa, komai girman muƙaminsa, ya tace akwatunanku kafin a yi musu lissafi.

Wannan kuwa ya dangana ne da wanda ke riƙe da makulli. Gidan da ke ƙarƙashin ofishin hulɗa da jama'a na runduna, duk sabon shugaban da ya zo zai iya sa a sauke allon da bai yi masa ba, ko ya karɓe ginin in ofis ya yi masa kaɗan. Na Vancouver da na Los Angeles da na Glasgow duk ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su. Ku yi wa taku rajista, ku sa mutanen waje cikin amintattu: malamin tarihi, mai adana takardu, lauya, da wani daga unguwar da ba ta ga-maciji da 'yan sanda. Ɗanka ma, in zai karɓa, ku ba shi kujera. Batun masu zuwa kuma, kada ku dogara da mai wucewa. 'Yan makaranta da malamansu, da ɗalibai masu bincike, da masu neman asalin kakanninsu, su ne ke dawowa.

Akwai aiki ɗaya da ba ya jiran gini, shi ne kuma ya fi gaggawa. Ku fara naɗar muryar tsofaffinku, daga mafi tsufa zuwa ƙasa, wayar hannu ta isa. Kada ku tsaya kan manya. Direba da mai buga tafireta da matan farko da suka sa kaki da mai kai wa na sel abinci, su suka san yadda ofis ke tafiya da ƙarfe ukun dare. Ku buɗe hoton fareti a gabansu su faɗi sunan kowa a jere, wani yana rubutawa a takarda daban tare da lambar hoton. Kowa ya sa hannu kan ko a saki maganarsa yanzu ko sai bayan ransa, domin wasu abubuwan ba za a faɗa muku ba sai da wannan sharaɗi. A yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye shi a wajen ginin.